Ashe Ba “Tare” Ya Ce Ba

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci, Alhaji Tanko mai tasi ya riƙe mini hannu. In na hau bene, Isufu maƙwabcina, wanda ke sayar da jakunkuna a Canal Street, ya leƙo daga ƙofarsa. Kowa so yake ya ji yadda Turawa ke farauta, da kuma dalilin da ya sa aka ɗauke ni daga gidan da na yi shekara uku ina aiki. Mutum biyu kawai na ba labarin a tsaye, amma kafin Juma'a ta zagayo har an ce wai dokin wani attajiri na kashe. Ban kashe doki ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin daga farko, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da inda na kauce.

Ga wanda bai sani ba, aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Tsohon da nake wa aiki sunansa Mista Walta, shekararsa tamanin da huɗu, yana zaune shi kaɗai a hawa na tara a Manhattan, cikin birnin New York. Ni nake masa wanka, in ba shi magani, in fita da shi shan iska. Ina ce masa Baba. Shi kuwa ya kasa faɗin Hamisu, sai ya mai da ni Hemish, wai sunan mutanen kakansa ne. Hankalinsa garau yake, ƙafafun ne suka gaji. Bara sau biyu ya faɗi, duk a ranakun da ba na aiki. Bayan ta biyun, 'yarsa Madam Karolin da ƙaninta da ke Boston suka yanke shawara a gabana: in ya sake faɗuwa, gidan tsofaffi za a kai shi. Har takardar sun cike, sa hannu kawai ya rage. Wata rana ina yanke masa farce ya ce mini in aka fitar da shi daga gidan nan ba zai ga ƙarshen hunturu ba. Tun daga ranar ko tari ya yi a tsaye sai gabana ya faɗi.

To wannan mutumin ne aka ce za a kai wajen farauta. Madam Karolin ta zaunar da ni a kicin ta ce, “Babana ya yi shekara arba'in yana hawan doki tare da mutanen nan a Pennsylvania. Ranar Asabar za su buɗe farautar bana, kuma ya nace sai ya gani. Ba zai hau doki ba, a kujera zai zauna a kan tudu. Ni ce zan hau. Kai aikinka ɗaya ne, Hemish. Kada ka matsa daga gefensa.”

Na ce na ji. Na sake cewa na ji.

Da na gaya wa su Alhaji Tanko, ya tafa hannu ya ce, “Kai, ɗan Katsina zai je daji da Turawa! Ka kawo mana cinya ko da ɗaya ce.” Isufu ya ce, “Ka tabbata dai an yanka, kada ka kwaso mana mushe a leda.” Su dariya suke yi, ni kuwa abin da ke damuna daban ne. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa fita daga jihar New York ba. Na tattara girin kad, wato katin izinin zama, da fasfo, da katin aiki, da takardar haya, har da takardar allurar rigakafi, na naɗe su cikin leda biyu na sa a aljihun ciki. Na kuma ɗauki wando uku, saboda an ce akwai karnuka. Na san malamai sun yi saɓani a kan yawun kare, amma ni zuciyata ba ta natsuwa in yi salla da tufar da kare ya lasa.

Bayan sallar Juma'a na hau jirgin ƙasa lamba huɗu na sauka Manhattan, muka ɗora kaya a motar Madam. Na ƙirga magungunan Baba sau uku. Sandarsa ta dogarawa, mai lanƙwasasshen kai, na ajiye ta tsakanin ƙafafuna. Muka haye babbar gadar kogin Hudson, na zaro ledar takarduna na riƙe a cinya. Muka yi ta tafiya, ban ga shinge ba, ban ga mai kaki ba. Can na kasa haƙuri na ce, “Madam, a ina ake duba takardu?”

Ta ce, “Wace takarda?”

“Ta shiga New Jersey.”

Ta ce ai mun yi rabin sa'a a cikin New Jersey. Baba ya yi dariya har ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya. Iyakar Pennsylvania ma haka, allo ne kawai a bakin titi mai cewa barka da zuwa. Ban mai da takardun aljihu ba duk da haka, sai da muka isa.

A hanya na roƙi a tsaya in yi la'asar. Muka tsaya a wani babban gidan mai, na shimfiɗa darduma a bayan mota, na duba alƙibla a waya. Ina raka'a ta uku na ji ƙarar babbar mota a bayana, ashe a hanyar fitar tirela na tsaya. Direban, wani ƙaton Bature mai gemu har ƙirji, bai yi mini ham ba. Ya kashe injinsa ya jira na sallame, sannan ya ɗaga mini yatsa biyu ya wuce. Na yi ta ba shi haƙuri bayan ya riga ya yi nisa.

Mun sauka a gidan gonar wata tsohuwa, Misis Doti, wadda suka yi hawa tare da Baba tun suna matasa. Da na ga matakalar benen, goma sha huɗu kuma a tsaye take cak, na ce wa Madam gaskiya Baba ba zai hau nan ba. Aka gyara masa ɗakin ƙasa, ni kuma na ja katifa na sa a bakin ƙofa yadda ba zai fita ba sai ya tsallake ni. A falo na samu wata kujera mai laushi na zauna. Sai ga wani tsohon kare ya zo ya tsaya a gabana yana kallona, bai yi haushi ba, kallo kawai. Misis Doti ta ce, “Ayya, kujerarsa ce ka hau.” Ni aka tayar. Wando na farko ke nan.

An gaya mata ba na cin naman alade, don haka ta soya mini ƙwai. Amma ina tsaye na ga a cikin kaskon da ta gama soya nasu naman ta fasa su, man ma bai huce ba. Na yi ta juya maganar a raina, kada in ɓata wa tsohuwa rai a gidanta. Daga ƙarshe na gaya mata gaskiya. Ta dafe goshi ta ce kaito, ta dafa mini wasu a ruwa, ta ƙara da burodin da ta gasa da kanta da tuffa daga itacen bayan gida. Tuffar nan ban taɓa cin mai daɗinta ba.

Washegari da hantsi muka isa filin da ake taruwa. A nan ne mamakina ya fara, bai kuma ƙare ba har yau.

A ƙauyenmu na yi farauta da kawuna tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Da rani ake fita, da ƙafa, kowa da kerensa da gorarsa, karnuka ramammu ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, mai ganga a gaba, maza zalla. Abin da aka samu, zomo ko gafiya ko zabo, a tukunya yake kwana. Nan kuwa dawaki ne aka kawo a mota, kowane da ɗakinsa. An yi musu aski, an yi musu kitso a geza, ƙananan tukkaye a jere kamar na amarya. Mahayan sun fi hamsin, kuma mata sun fi yawa, har da wata da na tabbata ta yi jika. Wasu da jar kwat, wasu da baƙa, farin wando tas kamar masu zuwa ɗaurin aure, alhali cikin taɓo za su shiga.

Baba ya gabatar da ni ga mai kula da karnukan, Mista Jo, wani siririn mutum mai ƙaramin ƙaho na tagulla soke a ƙirjin rigarsa. Don in nuna ladabi na tambaye shi karnuka nawa ya fito da su. Ya ce, “Goma sha bakwai da rabi.” Na duba garken ina neman rabin kare. Baba ya ce bibbiyu ake ƙirga su, wato talatin da biyar ke nan. Kowane da sunansa, kuma in Mista Jo ya kira ɗaya, shi kaɗai ke ɗaga kai.

Ana cikin haka sai ga limamin coci da farar riga. Na zaci wani ne ya mutu. Ashe karnuka ya zo sa wa albarka. Ya ɗaga hannu a kansu yana addu'a, mutane sun cire huluna, wani kare yana shinshinar gefen rigarsa. Da ya gama aka zagaya da tire na ƙananan kofuna na giya, kowa ya sha a kan sirdi, da safiyar Allah, sannan wai zai je ya tsallake shinge. Na ce a raina yau sai an kwashi wani a motar asibiti.

Na duba na duba ban ga bindiga ko ɗaya ba, ba mashi, ba jakar zuba nama. Na sunkuya na ce, “Baba, da me za su kashe barewar?”

Ya ce, “Wace barewa? Ga abin da ake bi.” Ya nuna mini maɓallin rigarsa, akwai hoton wata dabba mai tsinin baki da dogon bindi. Yanyawa ce, sai dai tasu ja ce kuma ta fi tamu girma. Na ce a raina to, ɓarauniyar kaji ce, shi ya sa gari ya taru a kanta, karnuka za su gama da ita. Ban ƙara tambaya ba. Na sha zama ina tunanin wannan wurin. Tambaya ɗaya ce ta rage, kuma ni da ba na gajiya da tambaya, ranar ban yi ta ba.

Mista Jo ya busa ƙaho, suka tafi. Wani ma'aikacin gona ya kai mu kan tudu a mota ya sauke mu ya koma. Na kafa wa Baba kujera a bakin wani shingen katako, na gwada ta da nauyina, na lulluɓe masa ƙafafu da bargo, na jingina sandarsa a gwiwarsa. Muka yi kusan sa'a biyu ba mu ga komai ba sai saniya. Amma shi Baba da kunne yake kallo. In ƙaho ya yi kuka daga nesa sai ya ce yanzu sun shiga kurmi. In karnuka suka ɗauki haushi gaba ɗaya sai ya damƙe hannuna ya ce sun sami sawu. Shekara uku ina tare da shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ni dai ina ta duba agogo saboda maganin ƙarfe goma sha ɗaya, ina taɓa yatsunsa in ji ko sun yi sanyi.

Na ba shi maganin ke nan ina rufe kwalba, sai na ji ya yi shiru. Na bi idonsa. Ga ta nan ta fito daga ƙasan shinge, ja wur, tana tafe a gefen gona ba ta ko sauri, kamar mai dawowa daga kasuwa. Haushin karnuka yana can baya da nisa. Tsakaninmu da ita bai fi taki talatin ba.

Baba ya miƙe tsaye da kansa, abin da bai yi ba a wata shida. Ya cire hularsa ya nuna ta da ita, ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

Jama'a, ku da kuka yi farauta a gida ku yi mini adalci. Yanzu na san abin da ya faɗa shi ne “Tali-ho”, wato kalmarsu ce ta cewa an ga dabba. Amma tsoho ne mai haƙoran roba, muryarsa na rawa, kuma iska na kaɗawa. Abin da ya shiga kunnena shi ne “Tare, ho!” Daidai yadda kawuna ke yi in zomo ya ɓullo ta gefena. Ban tsaya na tambayi kaina yaushe Mista Walta ya koyi Hausa ba. Ban tuna da Madam ba, ban tuna da takardar gidan tsofaffi ba. Hannuna ne ya rigaye ni. Na fizgi sandar, na tsallake shinge, na yi taki biyar a guje, na wurga ta ƙasa-ƙasa tana juyawa yadda ake jifa da kere.

Shekara ashirin rabona da kere, amma na same ta. A ƙafar baya. Ta wuntsila sau ɗaya, ta tashi, ta juya da ƙafa uku ta faɗa cikin sarƙaƙiya.

Na waiwayo ina haki ina cewa, “Baba, na same ta!” Kujera ce kawai a tsaye. Baba yana ƙasa a gefenta, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa.

Ban san yadda na dawo ba. Na durƙusa na yi yadda aka koya mana, ban ɗaga shi ba sai da na tambaye shi sunansa da ranar da muke, na sa ya motsa ƙafafu, na lallatsa ƙugunsa. Allah ya taimaka ciyawa ce mai laushi. Tafin hannunsa ya ɗan yage a jikin katako, gwiwar wandonsa ta yi taɓo. Ya miƙa hannu ne zai dogara da sanda don ya hana ni, ya tarar ba sanda.

Bai ko dubi hannun ba. Ya ce, “Hemish, me ka yi? Me ka yi mata?”

Na ce, “Ai cewa ka yi in tare.”

“Ba a taɓa ta! Ba wanda ke taɓa ta!”

A nan, ina ɗaure masa hannu da hankici, na ji abin da ya kusa zautar da ni. Wai ba kashe ta ake yi ba. Bin ta kawai ake yi, in ta gaji ta shige raminta, Mista Jo ya busa ƙaho, a yaba wa karnuka, kowa ya koma gida yana murna. Wannan ɗin ma sun san ta, shekara biyar suna bin ta, har suna suka sa mata, wanda in an juya shi da Hausa Bazawara ke nan. Da hunturu Mista Jo yana kai mata wuyan kaji da maganin ƙazwa a ciki don kada ta yi ciwo. Dawaki hamsin, karnuka talatin da biyar, da limami, duk don a raka yanyawa gida.

Na ɗaga shi na zaunar. Ya riƙe wuyan rigata ya ce, “Ba wanda ya gani. Goge mini gwiwa. Ban faɗi ba, ka ji ko? Ban faɗi ba.”

Kafin in amsa karnuka suka iso. Suka malalo ta ƙarƙashin shinge, suka zo daidai inda na tattaka, sawun ya rikice musu, suka yi ta zagaye, rabinsu suka taru a kaina suna lasa. Ban ma tuna da wando ba. Mista Jo ya iso a sukwane, ya dubi ƙasa, ya ga alamar inda ta wuntsila, nan take ya busa ƙaho ya janye karnukan, don ya gane ta ji rauni kuma in suka bi ta za su cim mata. Ya tambayi Baba abin da ya faru. Baba ya ce ta gan mu ne ta juya. Mista Jo ya dubi sandar da ke yashe a tsakiyar gona, ya dube ni. Farautar buɗe shekara ta tashi tun kafin azahar.

Aka koma gidan Misis Doti cin abin da suke kira karin kumallo, da ƙarfe biyu na rana. Ni ko ruwa ban iya sha ba. Madam Karolin ta zo da takalmanta na hawa, ta tsuguna gaban babanta, ta ga hankicin da jini, ta ga taɓon da ban gama gogewa ba. Ta ce, “Baba, faɗuwa ka yi?” Ya ce a'a. Ta sake tambaya, ya ce ƙaya ce. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta tashi ta fita baranda da waya. Ƙofar ba ta rufu ba, na ji tana ce wa ƙaninta, “Ya sake faɗuwa. Yana zaune a kujera ma, ga mai kula da shi a gefe. Ƙafafun sun gama. Ranar Litinin zan sa hannu.”

Baba ma ya ji. Ya ajiye cokalinsa a hankali, ya zuba wa tagar ido.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi lissafi a tsaye a wurin. In na yi shiru, ba wanda zai ce na yi laifi, ofishinmu da ke tura mu aiki zai ba ni wani tsohon, shi ke nan. In na yi magana, na bar wanda aka ba ni amana, na ƙwace masa sanda, kuma na ji wa dabbar mutane rauni a jihar da ba tawa ba. Ban san hukuncin wannan a dokarsu ba. Na taɓa ledar takarduna. Amma abin da Madam ta faɗa a waya ba gaskiya ba ne, kuma ni kaɗai na san haka, ni da tsohon da ba za ta yarda da maganarsa ba.

Na fita baranda na ce, “Madam, kada ki kashe wayar, shi ma ya ji. Ƙafafun Baba ba su gama ba. Da kansa ya miƙe, ba wanda ya taimake shi. Ni na ɗauke masa sanda na tafi na bar shi.”

Ta ce, “Ka tafi ina?”

“Na je na jefi yanyawar.”

Ban san muryata ta kai falo ba sai da na ji cokula sun daina ƙara. Madam ta yi ta kallona, bakinta a buɗe. Na yi mata bayanin “tare”, na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, na maimaita yadda Baba ya faɗi tasa kalmar don ta ji kamar. Ba ta yi dariya ba. Wata mata mai jar kwat ta ce wannan rashin imani ne, a kira hukuma. Misis Doti ta ce ba wanda zai kira kowa a gidanta. Mista Jo ya taso da faranti a hannu, ya tsaya dab da ni, na ce a raina to, yau mari ne. Ya ce, “Daga ina ka jefa?”

Na ce daga ɗan gaban shinge.

“Tana tafiya?”

“Tana tafiya.”

Ya girgiza kai ya ce, “In ta mutu, ba na so in sake ganin fuskarka. In ta rayu ma haka.” Ya koma ya zauna.

Muka kamo hanyar dawowa daga Pennsylvania har muka hango fitilun gada. Baba ya yi kamar yana barci, amma na ga idonsa na motsi. A kan gadar ne Madam ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, “Abu ɗaya na ce ka yi.” Na ce haka ne. Ta ce dole ta gaya wa ofishinmu, kuma ba za ta iya sake bar mini shi ba, ko da tana so, ƙaninta ba zai yarda ba. Na ce haka ne. Can ta ce, “Da gaske shi ya tashi da kansa?” Na ce wallahi da kansa, har ya ɗaga hula sama da kansa, ya tsaya a kan ƙafafunsa ya fi ƙirgen goma.

Ranar Litinin na rubuta rahoto da hannuna, shafi biyu, ban rage komai ba. Shugabar ofishinmu ta karanta, ta cire tabarau, ta sake karantawa. Aka dakatar da ni mako biyu, aka sa na sake zaman horo, sannan aka tura ni wajen wani tsoho a Port Richmond, jirgin ƙasa da jirgin ruwa da bas kullum, sa'a biyu zuwa, sa'a biyu dawowa. Alhaji Tanko ya ce ni wawa ne, wa ya tambaye ni. Isufu ya ce shi abin da ya fi ba shi haushi, ga jifa ta yi kyau amma ko bindi ban kawo ba. Game da Bazawara, Misis Doti ta aiko wa Baba cewa an gan ta bayan kwana goma a bakin rafi tana ɗingishi kaɗan, tana cin abincinta.

An ba ni izinin komawa gidan sau ɗaya, don in nuna wa sabuwar mai kula da shi yadda abubuwa suke. 'Yar Kumasi ce, Hajiya Lami, mai haƙuri. Na nuna mata maganin safe da na rana, da tabarmar banɗaki da ke zamewa in ba a danna gefenta ba, da yadda yake son shayinsa. Na rubuta mata duka, na kuma faɗa da baki. Ta ce, “Ɗan'uwa, na ji, sau uku ke nan kana faɗa.”

Baba yana kujerarsa ta bakin taga yana jin mu. Da na zo sallama ya ce wa Hajiya Lami, “Ki riƙe sandata da kyau har mutumin nan ya fita.” Sannan ya karɓe ta, ya yunƙura ya tashi, ya hana mu kama shi. Ya rako ni har ƙofa, taki goma sha ɗaya, ina ƙirgawa. Ya ba ni hannun da ya warke ya ce, “Sauka lafiya, Hamisu.” Daidai ya faɗe shi.

Na fita, ya tura ƙofarsa. Ban kira lif ba sai da na ji ya murɗa makullin da kansa.